Rashidi Yekini, Bijimin Kaduna: tambayoyin da aka fi yi a kansa da amsoshinsu

Yawancin matasan da ke cika gidajen kallo a yau ba su taɓa ganin Rashidi Yekini yana wasa ba. Abin da suka sani hoto ɗaya ne: wani dogon mutum sanye da riga mai lamba 9, ya shige cikin raga ya damƙe ta da hannu biyu yana ihu. Ga amsoshin tambayoyin da sukan taso duk lokacin da aka ambaci sunansa a majalisa.

Wane ne Rashidi Yekini, a taƙaice?

Ɗan wasan gaba ne na Najeriya, an haife shi a Kaduna ranar 23 ga Oktoban 1963, ya rasu ranar 4 ga Mayun 2012 yana da shekara 48. Ya ci wa ƙasarsa ƙwallo 37. Shi ne ɗan Najeriya na farko da hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta zaɓa gwarzon ɗan wasan nahiyar, a 1993, kuma shi ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar kofin duniya, a ragar Bulgeriya a 1994.

Ɗan Kaduna ne ko ɗan Kwara?

Duka biyun, kuma babu abin jayayya a nan. Iyayensa Yarbawa ne, asalinsu garin Ira a jihar Kwara, can kuma aka binne shi. Amma Kaduna ce ta haife shi ta raine shi, a nan ya tashi cikin rashi, ya taɓa aikin walda da kanikanci kafin ƙwallo ta fara ba shi abin kai wa baki. Shi ya sa laƙabin da ya bi shi har Turai shi ne Bijimin Kaduna.

Duk wanda ya san Kadunan wancan zamani ba zai yi mamaki ba. Gari ne na ma'aikatan jirgin ƙasa da sojoji da ma'aikatan masaƙu, mutane daga kowace kusurwar ƙasar, 'ya'yansu kuma sun tashi a fili ɗaya suna buga ƙwallo ɗaya. Daniel Amokachi, Tijjani Babangida, Garba Lawal, Celestine Babayaro, duk 'yan Kaduna ne. Yekini shi ne babban wa a cikinsu.

An ce a masaƙa ya fara ƙwallo. Me ya haɗa masaƙa da tamaula?

Ƙungiyarsa ta farko ita ce ta kamfanin UNTL, babbar masaƙar nan da ke kudancin birnin Kaduna, wajen Kakuri, inda ya buga a 1981 zuwa 1982. A lokacin haka tsarin yake a duk faɗin ƙasar. Kamfani ko ma'aikatar gwamnati ko banki kan kafa ƙungiyar ƙwallo, a ɗauki yaro mai ƙafa a sa sunansa cikin ma'aikata, ya riƙa karɓar albashi a ƙarshen wata, aikinsa na gaskiya kuwa a fili yake. Ga yaron da ba shi da uba a gwamnati kuma bai yi zurfi a boko ba, wannan babbar ƙofa ce. Yana da abin ci, yana da koci, yana da gasar da manyan ƙungiyoyi ke turo masu farautar 'yan wasa su kalla.

Masaƙun Kaduna sun durƙushe ɗaya bayan ɗaya, UNTL kanta ta rufe a 2007. In ana lissafin asarar da aka yi, akan ambaci dubban ma'aikata da manoman auduga, ba a cika tuna ƙwallo ba. Amma ita ma tana cikin lissafin. Yaro irin Yekini a Kakurin yau, sai dai ya nemi makarantar ƙwallo ta kuɗi ko dillalin da zai yi masa alƙawarin Turai.

Daga Kaduna sai ina?

Sai Ibadan, wajen Shooting Stars, wadda a lokacin tana cikin manyan ƙungiyoyin Afirka. Da shi suka kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 1984, Zamalek ta Masar ta doke su gida da waje. A shekarar ne kuma aka fara kiransa tawagar ƙasa, lokacin ana ce mata Green Eagles. Daga nan ya koma Abekuta, ƙungiyar Abiola Babes ta attajiri M.K.O. Abiola, ya zauna har 1987. Sai ya tsallaka Abijan, ya shekara uku a Africa Sports ta Kwaddibuwa.

Kada a ga kamar ci baya ne barin Najeriya zuwa Kwaddibuwa. A shekarun nan ƙungiyoyin Abijan sun fi biya, kuma ta nan hanyar Turai take. Stephen Keshi ma ta can ya bi kafin ya isa Beljiyam.

Me ya sa bai buga wa wata babbar ƙungiyar Turai ba?

Saboda ya makara. Sai a 1990 ya isa Turai, yana dab da cika shekara 27, shekarun da ɗan wasan yanzu ya riga ya canza manyan ƙungiyoyi biyu. Wadda ta ɗauke shi kuma ita ce Vitória ta Setúbal, garin masunta a kudu da Lisbon a Fotugal, garin da aka haifi José Mourinho. Ƙungiya ce mai tarihi amma ba ta da ƙarfin Benfica ko Porto ko Sporting. Kakarsa ta farko ma faɗawa suka yi rukuni na biyu.

A can ƙasan ne ya nuna ko shi wane ne. A kakar 1992 zuwa 1993 ya zura ƙwallo 34, ya ciccibo ƙungiyar ya mayar da ita babban rukuni. Masu raina shi suka ce ai ƙananan 'yan baya ya samu. Kakar da ta biyo sai ya ci 21 a babban rukunin, ya fi kowa a ƙasar. Wanda ke sanye da rigar Benfica ko Porto, 'yan tsakiya na kawo masa ƙwallo har baki. Yekini kuwa ya ɗauki kambun ne a ƙungiyar da ta hau sama jiya-jiya. A ganina wannan kakar ta fi ƙwallon Bulgeriya nuna girmansa, sai dai ba a haska gasar Fotugal a gidajenmu a lokacin, sai abin da aka tsinta a rediyo da jarida.

Wane irin ɗan wasa ne? Yana yanka kamar Okocha?

Ko kusa. Mai neman gwaninta da rawar ƙafa ya tafi wajen Jay-Jay. Yekini dogo ne, mai faɗin ƙirji, gudunsa kamar ba shi da tsari, har masu sharhin rediyo suna tsokanarsa da hakan. Amma in aka jefa masa ƙwallo a bayan 'yan baya, wanda ya bi shi ya sha wuya: ba ka ture shi, ba ka riga shi, kuma ba ya tsayawa gyara ƙwallo sau uku. Taɓawa ɗaya, sai dukan da gola zai ji a tafin hannunsa har gobe. Yana ɓarar da dama, wani lokacin har ta ba da haushi, amma ɓararwar ba ta sa shi jin kunyar sake bugawa.

Aikinsa ɗaya ne, kuma ya yarda da hakan. Ba ya komowa tsakiya neman a ce ya taɓa ƙwallo. Yana can gaba yana jira a kafaɗar ɗan baya na ƙarshe.

Ƙwallo 37 ɗin a wasa nawa ya ci su?

Nan masu ajiye tarihi suka rabu: wasu sun rubuta wasa 58, wasu 62, gwargwadon wasannin da kowa ya ɗauka a matsayin na hukuma. Kowanne ka ɗauka, ya haura ƙwallo ɗaya a duk wasa biyu, cikin shekara 14, daga 1984 zuwa 1998.

Mene ne tarihinsa a gasar kofin Afirka?

Nan ne ainihin gidansa, kuma labari ne na haƙuri. Najeriya ta kai wasan ƙarshe a 1984, Kamaru ta doke ta. Ta sake kaiwa a Maroko a 1988, Kamaru ta sake doke ta. A 1990 a Aljeriya, masu masauki suka yi wa Najeriya 5 da 1 a wasan farko, kowa ya ce an gama. Yekini ya ci Masar, aka tashi 1 da nema. Ya ci Kwaddibuwa, aka tashi 1 da nema. Ya sake ci a wasan kusa da na ƙarshe da Zambiya. Aka koma gaban Aljeriya a wasan ƙarshe, ta sake yin nasara da ci ɗaya. A Senegal a 1992 ya fi kowa cin ƙwallo, guda 4, amma Ghana ta tare hanya, aka dawo da na uku.

Sai Tunisiya, 1994. Ya ci Gabon biyu. Ya ci Zayar biyu a wasan dab da na kusa da na ƙarshe. Da aka haɗu da Kwaddibuwa mai riƙe da kofin, ƙasar da ya zauna ya san 'yan wasanta ciki da bai, sau biyu tana shiga gaba ana farkewa, shi ya farke ta biyun, aka tashi 2 da 2. A bugun fanareti shi ya buga na ƙarshe da ya kai Najeriya wasan ƙarshe. Ranar 10 ga Afrilu aka doke Zambiya 2 da 1, Emmanuel Amunike ya ci duka biyun. Zambiyar nan kuwa sabuwar tawaga ce da Kalusha Bwalya ya jagoranta, shekara guda bayan hatsarin jirgin sama a gaɓar Gabon ya hallaka 'yan wasansu, don haka kusan duk Afirka na bayansu a ranar.

Yekini ya tashi da ƙwallo 5, ya fi kowa, aka kuma zaɓe shi gwarzon gasar. Jimillar ƙwallayensa a kofin Afirka 13. Samuel Eto'o mai 18 da Laurent Pokou mai 14 ne suka sha gabansa.

Wasu na cewa Abedi Pele ne gwarzon Afirka na 1993. Wane ne mai gaskiya?

Kowa da gaskiyarsa, domin kyauta biyu ake bayarwa a lokacin. Mujallar France Football tana da tata tun 1970, ita ta ba Abedi Pele na Ghana, wanda a shekarar ya ɗauki kofin zakarun Turai da Marseille. CAF kuma ta fara ba da tata, ita ta zaɓi Yekini. Bayansa Amunike ya samu a 1994, Nwankwo Kanu a 1996 da 1999, Victor Ikpeba a 1997, sai aka yi dogon fari har Victor Osimhen a 2023 da Ademola Lookman a 2024.

Yaya aka ci ƙwallon nan ta Bulgeriya?

Kafin a zo kanta, a tuna wanda ya kai Najeriya Amurka tun farko. A wasannin neman gurbi, ƙarƙashin koci Clemens Westerhof ɗan Holan, Yekini ya ci ƙwallo 8. An kammala aikin a birnin Aljiyas a Oktoban 1993 da kunnen doki 1 da 1, Finidi George ya ci.

Wasan Bulgeriya kuwa ranar 21 ga Yunin 1994 aka yi shi, a filin Cotton Bowl da ke Dallas. A Najeriya dare ya riga ya raba. Minti na 21, Amokachi ya tura wa Finidi ta dama, Finidi ya shimfiɗo ta ƙasa-ƙasa ta gaban raga, Yekini ya sa ƙafa. A gaskiya cikin ƙwallayensa tana daga cikin mafi sauƙi, yaro ma zai ci ta. Abin da ya biyo baya ne ya zauna a zukata: gudun da ya kwaso bai tsaya ba sai cikin raga, ya cusa hannuwansa ta cikin ramukan zaren, ya dunƙule su, ya rufe ido yana jijjiga ragar yana ihu. Amokachi da Amunike suka ƙara, aka tashi 3 da nema. Bulgeriyar da aka yi wa haka ba kanwar lasa ba ce, ita ce ta fitar da Jamus ta kai wasan kusa da na ƙarshe, Hristo Stoichkov kuma ya raba takalmin zinare.

A gida kuwa ƙasar na cikin rikicin soke zaɓen 12 ga Yuni. Kwana biyu bayan wannan ƙwallo gwamnatin Janar Sani Abacha ta kama Abiola, tsohon maigidan Yekini a Abekuta.

Me yake faɗa a cikin ragar?

Kowa da abin da ya ji. Wasu sun ce addu'a yake, wasu sun ce sunayen 'yan uwansa yake kira, wasu sun ce sunan kansa. Babu makirfo a kusa, don haka duk mai rantse maka cewa ya san kalmomin, laɓɓa ya karanta.

Gaskiya ne abokan wasansa sun daina ba shi ƙwallo bayan nan?

Abin da ba a musu a kai: bai sake ci ba a gasar. Ajantina ta yi nasara 2 da 1, Samson Siasia ya ci ta Najeriya. Aka doke Girka 2 da nema, Finidi da Amokachi. A zagaye na biyu Amunike ya sa Najeriya gaba a kan Italiya, aka kori Gianfranco Zola da jan kati, saura minti biyu a tashi Roberto Baggio ya farke, ya kuma ci fanareti a ƙarin lokaci.

Bayan an dawo ne maganar ta fito, cewa wasu a tawagar sun ji zafin yadda duk yabo da tallace-tallace suka tattara a kan mutum ɗaya, suka riƙa kau da kai in ya buɗe. Shi kansa ya yi ƙorafin ba a ba shi ƙwallo, wasu cikin abokan wasan sun musanta, kuma har yau tsofaffin 'yan tawagar ba su daina jifan juna da zancen ba. Cewa akwai tsamin dangantaka a sansanin, wannan kam akwai. Amma kada a manta da ɗaya ɓangaren. Bayan wasan farko duk kocin da zai haɗu da Najeriya ya san wanda zai sa wa ido, kuma 'yan bayan Italiya irin su Paolo Maldini da Alessandro Costacurta ba sa buƙatar taimakon kowa kafin su rufe ɗan gaba.

Me ya faru da shi bayan 1994?

Gangara. Ya koma Olympiacos ta Girka, zaman bai yi daɗi ba, ga rauni. Ya je Sporting Gijón a Sifaniya, nan ma ƙwallo ta ƙi shiga. Ya ɗan koma Setúbal, sannan FC Zürich a Suwizalan inda ya farfaɗo, sai Bizerte a Tunisiya, Al-Shabab a Saudiyya, ya sake komawa Africa Sports. A ƙarshe ya dawo gida ya buga wa Julius Berger ta Legas, kuma a 2005, yana da shekara 41, ya sake ɗaura takalmi ya buga wa Gateway ta Abekuta. Samun tsohon gwarzon Afirka a filayen gasar cikin gida ya jawo 'yan kallon da suka daɗe da ƙaurace musu.

Da zai iya kamo Pokou a kofin Afirka?

Ƙwallo ɗaya ta rage masa, siyasa ta shiga tsakani. Bayan rataye ɗan fafutukar nan Ken Saro-Wiwa da abokan gwagwarmayarsa a Nuwamban 1995, dangantaka ta yi tsami tsakanin Abacha da Nelson Mandela, gwamnati ta hana Super Eagles zuwa kare kofinsu a Afirka ta Kudu a 1996. CAF ta hukunta Najeriya da hana ta gasar 1998. Ko da aka dawo a 2000, zamanin Yekini a tawagar ya wuce. Lafiyar ƙafarsa a 1996 ba kamar ta 1994 ba ce, amma mutumin da ya ci ƙwallo a gasa huɗu a jere, da wuya a ce zai buga biyu bai ci ko ɗaya ba.

Yana cikin waɗanda suka ci wa Najeriya zinare a Olamfik ɗin Atlanta a 1996?

A'a. Gasar ta 'yan ƙasa da shekara 23 ce, manya uku kacal ake yarda da su, aka tafi da Uche Okechukwu da Amunike da Amokachi. Olamfik ɗin da Yekini ya je ita ce ta Seoul a 1988.

Ya je kofin duniya na 1998?

Ya je Faransa yana da shekara 34, Bora Milutinović na koci, yawanci daga benci yake shigowa kuma bai ci ƙwallo ba. Gasar ce aka doke Sifaniya 3 da 2 da dukan nan na Sunday Oliseh, sannan Denmark ta yi wa Najeriya 4 da 1 a zagaye na biyu. Daga nan ya ajiye rigar ƙasa.

Yaya ƙarshen rayuwarsa ya kasance?

A Ibadan ya zauna, ya janye jikinsa daga mutane. Takwarorinsa sun zama masu horarwa, masu sharhi a talabijin, jakadun kamfanoni. Shi bai nemi ko ɗaya ba, gayyatar bukukuwa ma ba ya amsawa. Abin da mutanen garin suka fi sani shi ne yana zuwa filin wasa na Liberty yana motsa jiki, kuma mai kyauta ne ga mabukata. A shekarunsa na ƙarshe jaridu sun yi ta rahoton cewa yana fama da matsalar damuwa, kuma bayan rasuwarsa an yi ta cece-kuce kan irin kulawar da ya samu a makonnin ƙarshe. An yi masa sutura bisa tsarin Musulunci a Ira. Allah Ya jiƙansa.

An zargi hukumomin ƙwallo da tsofaffin abokan wasansa da cewa sun yi watsi da shi, su kuma suna cewa shi ya rufe ƙofa. Ko da hakan ne, a ƙasarmu in mutum ya fara gudun jama'a, sai a ce halinsa ne ko a ce sammu ne, ba a cika tunanin likita ba. A 2023, ranar da zai cika shekara 60, kamfanin Google ya sa zanensa a shafinsa na farko.

Tsakaninsa da Osimhen da Ahmed Musa, wa ya fi?

Ya danganta da ma'aunin. A kofin duniya Ahmed Musa ne gaba nesa ba kusa ba: ƙwallo 4, biyu a ragar Ajantina a 2014, biyu a ragar Iceland a 2018, Yekini kuwa ɗaya tak. A ƙungiyoyin Turai Osimhen ya wuce shi, tunda ya lashe babbar gasar Italiya, Serie A, da Napoli a 2023 yana kan gaba a cin ƙwallo. A 2025 ya kuma wuce Segun Odegbami mai 23 ya zama na biyu a tarihin tawagar, kuma har shekarar ta ƙare 37 ɗin Yekini na nan ba a kamo ta ba, shekara 27 bayan ya bar wasa.

In ni aka tambaya, a rigar Najeriya Yekini nake ɗauka. Ya kai ƙasar kofin duniya karon farko, ya fi kowa ci a kofin Afirka sau biyu a jere, kuma ya ɗaga kofin. Masu goyon bayan Osimhen za su ce nasu bai gama ba, kuma suna da gaskiya, a sake tambaya ranar da ya ɗago kofin Afirka.